An ba ni ɓangaren da ban yarda da shi ba

Ɗaliba: Jama'a, ku taimaka. Malaminmu ya ce in kare soke hukuncin kisa a muhawarar ranar Alhamis, ni kuwa ina goyon bayan hukuncin. Layi uku na rubuta, biro ya tsaya cak. Ta ina zan fara?

Tsohon malami: 'Yata, fara da hujjar da ta fi sosa miki rai: in alƙali ya yi kuskure, wanda aka kashe ba ya dawowa. Duba Faransa, ta soke hukuncin kisa a 1981. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty International ma tana fitar da rahoto a kan hukuncin duk shekara. Kada ki ambaci adadin da ba ki san asalinsa ba.

Wani ɗalibi: Nan aka kama ni bara. Daga Facebook na kwaso, aka ce "wa ya faɗa?", na yi tsuru-tsuru.

Ɗaliba: Na gode, Baba. Yau da daddare zan nemo rahoton.