Tambaya game da Gidan Adamu na birnin Angers

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Na ga hoton wani tsohon bene na katako a birnin Angers na ƙasar Faransa, wanda ake kira Gidan Adamu, kuma jikinsa duk sassaƙa ne. Ina roƙon masana su bayyana mini lokacin da aka gina shi da kuma dalilin da ya sa aka raɗa masa wannan suna.

Malamin Gine-gine:
Wa alaikumus salam, Malama. An gina shi ne wajen shekarar 1491, kuma an gano hakan ta hanyar nazarin zoben shekaru da ke cikin katakon ginin. Wani mai haɗa magunguna ne ya sa aka gina shi a dandalin Sainte-Croix, bayan babbar majami'ar garin. Hawa shida ne, kuma benayensa suna turowa gaba kaɗan a kan na ƙasansu, abin da yake ƙara faɗin ɗakuna tare da kare katakon ƙasa daga ruwan sama. Asalin sunan kuwa yana kan kusurwar gidan, inda aka sassaƙa bishiya, kuma a da akwai siffofin Adamu da Hauwa'u a gefenta, waɗanda aka cire a zamanin juyin juya halin Faransa.

Tsohon Masassaƙi:
'Yata, ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin hannun. Ki duba kwasakwasar nan da take ciyar da 'ya'yanta, wadda Kiristocin wancan zamani suka ɗauka a matsayin alamar sadaukar da kai. Kusa da irin wannan kuma sai ga masu busa, da saurayi da budurwa, da dodo mai rabin jikin mutum rabin na doki, har da wani mutum da aka sassaƙa cikin siffar rashin kunya. Ginshiƙan da suke ɗauke da nauyin gidan su ne aka yi wa wannan ado, saboda haka dole masassaƙin ya san iyakar inda gizagonsa zai tsaya, domin idan ya zurfafa ya raunana ginin.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode ƙwarai, Baba. Shin ana barin baƙi su shiga?

Malamin Gine-gine:
Ana shiga ƙasansa, domin akwai shagon kayan sana'ar hannu a ciki. Tun 1922 gwamnatin Faransa ta sa gidan cikin gine-ginen tarihi da doka take karewa.