Muhawara: Diyyar da Amurka ke biya bayan allurar mura, amsa laifi ce?

Alhaji mai shagon yadi, Garwa:
Assalamu alaikum. Ina neman 'yan'uwa masu ilimi su warware mini wata magana da ta hana ni barci. Ƙanena ya yi shirin aikin Hajji, aka yi masa allurar zazzaɓin shawara da ta sanƙarau kamar yadda hukumomin Saudiyya suka shar'anta, sannan aka ce masa ya kyautu ya ƙara da ta mura, wadda muke kira girip, saboda cunkoson Mina da Arfa. Kwana 19 bayan haka ya fara cewa yana jin kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafarsa. Wata Juma'a muna fitowa daga masallaci takalminsa ya saɓule a hanya, ya yi ta tafiya bai sani ba sai da wani yaro ya biyo shi da shi. Kafin mako ya zagayo, ko butar alwala ta gagare shi ɗagawa. Likitoci sun ce cutar Guillain-Barré ce. Yau wata biyar ke nan, Hajji ya wuce shi, mun kuma sayar da fili guda. Wani ɗanmu da ke karatu a Amurka ya gaya mini cewa a can akwai kotu ta musamman da ke biyan diyya ga wanda wannan cuta ta kama bayan allurar mura. Ni abin da na fahimta shi ne, babu gwamnatin da za ta ciro kuɗi ta miƙa wa mutum sai ta tabbata an cuce shi. Tunda suna biya, ai sun amsa cewa allurar tana shanye mutane, mu ne kawai ake rufe wa ido.

Likita, Marwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ba zan ce maka babu alaƙa ko kaɗan ba, domin da na faɗi haka na yi maka ƙarya. Wannan cuta tana faruwa ne idan garkuwar jiki ta ɓata hanya, ta koma tana cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa gaɓoɓi. Shi ya sa raunin kan fara daga ƙafa ya yi sama, wani lokaci har ya taɓa numfashi. Likitocin Faransa ne suka bayyana ta a 1916 a jikin sojoji biyu, shekaru da yawa kafin a ƙirƙiro allurar mura, kuma a kowace shekara tana kama mutum ɗaya zuwa biyu cikin 100,000, ko an yi allura ko ba a yi ba. Abin da ya fi tayar da ita shi ne gudawar da ƙwayar Campylobacter ke haddasawa, wadda ake samu a naman kaza da bai dahu ba da ruwa marar tsabta. Ita kanta murar tana tayar da ita, fiye ma da yadda allurar ke yi.

Inda maganarka take da tushe shi ne abin da ya faru a 1976. A shekarar an samu wata sabuwar mura a barikin soja na Fort Dix da ke Amurka, gwamnatin shugaba Gerald Ford ta yi wa mutum sama da miliyan 40 allura cikin 'yan watanni, sai aka ga ƙarin kusan mutum ɗaya cikin kowane 100,000 da aka yi wa sun kamu da Guillain-Barré, aka dakatar da shirin a watan Disamba. Allurar da ake yi duk shekara a yanzu haɗarinta bai kusa da haka ba: ƙarin mutum ɗaya ne ko biyu cikin miliyan guda. Kuma wannan adadi hukumomin lafiya na Amurka da kansu suke wallafa shi, saboda haka kalmar ɓoyewa ba ta dace da shi ba.

Direban babbar mota, Kuseri:
Likita, da girmamawa, ku kullum da ƙididdiga kuke zuwa mana. Mutum ɗaya cikin miliyan ƙarami ne a takarda, amma a gidan Alhaji shi ne mai ciyar da 'ya'ya. Kuma ba yau muka fara jin an ce mu kwantar da hankalinmu ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau, yara 11 suka rasu cikin waɗanda aka sa a gwajin, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Lauya, Ngaundere:
Ƙanena direba, abin da ya faru a Kano gaskiya ne, amma gwajin sabon magani ne, kuma ƙarar da aka shigar ta ginu ne a kan zargin laifi, wato cewa ba a nemi izinin iyaye yadda ya kamata ba. Tsarin da Alhaji ke tambaya a kai an gina shi ne daidai domin a kauce wa maganar laifi, kuma nan ne nake ganin fahimtarsa ta karkace.

A farkon shekarun 1980 iyaye a Amurka suka yi ta maka kamfanonin rigakafi a kotu, har wasu kamfanonin suka daina yin alluran yara, aka fara fargabar za a rasa su. Sai majalisa ta yi doka a 1986, shirin ya fara aiki a 1988. Kowace allura da ke cikin shirin ana ɗora mata harajin santi 75 a kan kowace cuta da take karewa, wato wajen sefa 400 zuwa 500, kuɗin su taru a asusu guda. Wanda ya ga an cutar da shi ba likita zai kai ƙara ba, ba kamfani ba, sai ya shigar da buƙatarsa a wata kotun tarayya da ke Washinton. Allurar mura ta shiga shirin a 2005, sannan a 2017 aka sa Guillain-Barré a jadawalin cututtukan da ake ɗauka cewa allurar ce ta jawo su, da sharaɗin alamun sun fara tsakanin kwana 3 zuwa 42 bayan an yi ta. Ku lura da kalmar "ake ɗauka". Idan mutum ya faɗa cikin waɗannan kwanaki, ba a ce ya kawo hujjar kimiyya ba, gwamnati ce za ta nuna wani dalili daban in tana da shi, in ba ta da shi ta biya. Ana biyan kuɗin jinya da albashin da ya salwanta, a ƙara da diyyar wahala wadda ba ta wuce dala 250,000. Dole kuma a shigar da buƙatar cikin shekara uku daga fara ciwon, kuma a mafi yawan lokuta sai illar ta haura wata shida.

Ma'anar wannan ita ce sun sani sarai cewa a cikin waɗanda za su biya akwai waɗanda da ma cutar za ta kama su ko ba a yi musu allura ba, amma suka gwammace su biya har da su da su bar wanda allurar ta cutar da gaske yana yawon kotu shekara da shekaru. Mu a nan Kamaru muna da abin da ya yi kama da haka a dokar inshorar motoci ta CIMA, wadda aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma Cadi ma tana ciki: mai tafiya da ƙafa wanda mota ta buge ana lissafa masa diyya bisa jadawalin raunuka, ba don kamfanin inshora ya yarda cewa direbansa mugu ne ba.

Alhaji mai shagon yadi, Garwa:
Lauya, na ji bayaninka, amma ka ƙara mini ƙarfi ne. Kwana 19 yana tsakanin 3 da 42. Da ƙanena a can yake, da an biya shi.

Lauya, Ngaundere:
Mai yiwuwa ne ƙwarai, Alhaji, ban musa ba. Abin da nake musawa shi ne cewa biyan yana nufin an tabbatar allurar ce. Sai dai kada ka sa rai da wancan asusu, domin dokar ta shafi wanda aka yi wa allurar a ƙasar Amurka ne, in ban da wasu 'yan keɓantattu. A nan kuwa hanyar da ke gabanka ita ce sashe na 1382 na dokar farar hula da muka gada daga Faransa, wanda ke neman abu uku: laifi, da cuta, da igiyar da ta haɗa su. Idan allurar ba ta lalace ba, an ajiye ta a sanyi, an kuma yi ta yadda ya kamata, wa za ka ɗora wa laifin? Da za ka zo ofishina da wannan ƙara, da na ce ka riƙe kuɗinka ka biya masa gashin ƙashi.

Malamin zaure, Kuseri:
Ina so in sa baki a nan, domin na ga kamar ana ɗauka cewa biyan diyya ba tare da mai laifi ba dabarar Turawa ce. A fiƙihu, likitan da ya san aikinsa, aka ba shi izini, hannunsa bai kuskure ba, babu lamuni a kansa ko da majinyacin ya nakasa. Hadisin da ke wurin Abu Dawuda ya ɗora lamunin ne a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba. Amma wannan bai sa a bar wanda ya cutu hannu wofi ba. Lokacin da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Khaibara, aka kasa tabbatar da wanda ya kashe shi, Manzon Allah (SAW) bai so jininsa ya tafi a banza ba, sai ya biya danginsa raƙuma 100, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Babu mai hankalin da zai ce wannan biya amsa laifi ne. Daga nan malamai suka fahimci cewa baitulmali yana ɗaukar abin da ba a san mai ɗaukarsa ba. To, idan hukuma ce ta kira jama'a su miƙa damtsensu domin amfanin kowa, sai ƙaddara ta faɗa wa mutum ɗaya, ni a ganina asusun jama'a ne ya fi cancanta ya ɗauke shi. Alhaji, ina tare da kai a kan cewa ɗan'uwanka yana da haƙƙi, na saɓa maka a kan cewa dole sai an samu azzalumi kafin haƙƙin ya tabbata.

Hajiya ma'aikaciyar rigakafi, Njamena:
Malam ya faɗi abin da ke raina. Na shekara da shekaru ina bin unguwanni da akwatin sanyi a kafaɗa, kuma tambayar da ta fi ɗaure mini harshe ita ce ta uwar da za ta tsaya a bakin ƙofa, ɗanta a goye, ta ce: "Idan wani abu ya same shi, wa zai tsaya mini?" Muna da takardar da muke cikewa, wadda ake kira MAPI, ta duk wata illa da ta biyo bayan allura, muna kuma ɗaukar bahayar duk yaron da ƙafarsa ta saki ba zato a kai ɗakin gwaji don a tabbatar ba shan inna ba ce. Amma takarda tana tafiya sama, kuɗin jinya kuwa yana nan a wuyan uban yaro. Kuma kada a ce talauci ne ya hana, domin a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe irin wannan asusu ga ƙasashe 92 masu ƙaramin ƙarfi a ƙarƙashin shirin COVAX na raba wa ƙasashe allurar rigakafi, Cadi da Kamaru na ciki, sai dai na allurar korona ce kaɗai. Mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa jin labarinsa? Ingila tana da dokarta tun 1979, tana biyan fam 120,000 ga wanda nakasarsa ta kai kashi 60 cikin 100. Tsoron da nake yi, ɗana direba, shi ne irin abin da ya biyo bayan ƙauracewa allurar shan inna a Kano a 2003, wanda 'ya'yanmu na nan Cadi da Kamaru suka sha kuɗarsa. Jita-jita tana samun gindin zama ne a inda babu mai amsa wa uwa tambayarta.

Direban babbar mota, Kuseri:
Hajiya, ni ban ce a daina allura ba, 'ya'yana duka an yi musu. Amma har yanzu ina ganin wanda ya sayar da kaya ya ci riba shi ya kamata ya biya, ba a tara harajin talakawa a wanke shi ba.

Likita, Marwa:
Alhaji, akwai abin da nake so in tambaye ka, kuma ba don in wanke allurar ba. A cikin makonni shidan da suka gabaci ciwon, ƙanenka ya yi gudawa ko zazzaɓi? Sannan a katinsa an rubuta sunan allurar murar da ranar da aka yi ta da lambar rukuninta? Ko a Amurka sai mutum ya kawo shaidar cewa an yi masa allurar kafin a biya shi. Game da jinya kuma, mafi yawan masu wannan cuta suna komawa tafiya da ƙafarsu, wasu cikin watanni, wasu sai an haura shekara, saboda haka kada a bar motsa masa gaɓoɓi kullum ko da ya gaji, kuma kada a sake yi masa allurar mura sai an gaya wa likita abin da ya faru.

Alhaji mai shagon yadi, Garwa:
Na tambayi matarsa yanzu. Ta ce ya yi ciwon ciki na kwana uku bayan wata walimar bankwana da abokansa suka shirya masa, amma ba ta tuna ko kafin allurar ne ko bayanta. Na kuma ɗauko katin nan mai launin rawaya ina dubawa: ta shawara da ta sanƙarau suna nan da hatimi da lamba, ta murar kuwa babu inda aka rubuta ta, sai rasit ɗin kantin magani wanda tawadarsa ta fara dushewa. Ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, domin zuciyata na nan a kan kwana 19 ɗin. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauki hoton rasit ɗin kafin ya gama gogewa, in koma wurin da aka yi masa allurar in nemi su cike takardar da Hajiya ta ambata. Lauya, idan sun ƙi cikewa, wace hukuma zan rubuta wa, kuma da Faransanci dole ne?