Karatun saikoloji a ajin da ya tara mutane iri-iri: yaya kuka ji da shi?

Sabuwar ɗaliba

Assalamu alaikum yayyena. Bana na shiga jami'a, ina aji ɗaya a sashen ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji. Ajinmu ya tara mutane masu harsuna da addinai daban-daban, akwai ma waɗanda suka zo daga wasu ƙasashe. Abin da ke damuna shi ne, duk lokacin da malami ya ce bincike ya nuna ɗan Adam yana yin kaza, sai rabin aji su gyaɗa kai, sauran kuma su kalli juna, don abin bai yi kama da gidajen da suka tashi ba. Sau da yawa ina cikin masu kallon junan. Shin in haddace abin da ke littafi in ci jarrabawa, ko in riƙa ɗaga hannu ina tambaya? Don Allah waɗanda suka riga mu bin wannan hanya ku faɗa mana abin da kuka gani da idonku.

Ɗan aji uku

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki riƙa ɗaga hannun, don abin da kike ji yana da tushe, masanan fannin da kansu sun yi magana a kai. A 2008 Jeffrey Arnett ya bi manyan mujallun saikoloji guda shida, ya gano kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi binciken a kansu daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu suke, kashi 68 daga Amurka kaɗai. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka ƙara jan hankali cewa waɗannan ƙasashe kashi 12 ne kacal na mutanen duniya, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake gwajin a kansu ɗaliban jami'a ne kamar ni da ke.

Ranar da abin ya shige ni sosai ita ce ranar da aka haska mana zanen Müller-Lyer a darasin gani da fahimta. Layuka biyu ne masu tsawo ɗaya, ɗaya an yi masa kan kibiya mai kallon waje, ɗayan mai kallon ciki, sai ido ya ga ɗaya ya fi tsawo. Ka ɗauka wannan aikin ido ne zalla, babu ruwansa da inda mutum ya girma. To a shekarun 1960 Segall da Campbell da Herskovits sun kai zanen ga al'ummomi da dama, suka tarar ya fi ruɗar Amurkawa, mutanen San na hamadar Kalahari kuwa da kyar yake ruɗarsu. Idan har ganin tsawon layi zai bambanta, ina ga kunya da fushi da renon yara? Tun ranar, kafin in karɓi sakamakon kowane bincike sai na duba sashen da ya faɗi su wa aka gwada, su nawa ne, kuma da wane harshe aka yi musu magana.

Sai dai ki shirya wa lissafin ƙididdiga. Yawancinmu mun shigo da zaton za a koya mana gane abin da ke zuciyar mutum, sai muka tarar da jadawali da alƙaluma tun zangon farko. Kada ki guje shi, da shi za ki kare tambayar taki.

'Yar aji biyu

Ni darasin shaƙuwar jariri da mai renonsa ne ya kusa raba ajinmu biyu. An bayyana mana gwajin Mary Ainsworth: a sa uwa da jaririnta a ɗakin da bai saba da shi ba, baƙuwa ta shigo, uwar ta fita ta dawo, a lura da yadda yaron zai tarbe ta. Da wannan ake cewa shaƙuwarsa mai kwanciyar hankali ce ko a'a. Wata ƙawata ta miƙe, muryarta na rawa, ta ce ita kakarta ce ta rene ta tare da ƙannen mahaifinta, hannu da yawa ne suka ɗauke ta, shin ana nufin ta tashi da giɓi ke nan? Wani kuma ya ce a gidansu tun yaro yana ɗan wata shida yake kwana a ɗakinsa shi kaɗai, kuma ana ganin hakan koya masa tsayawa da ƙafarsa ne. Nan fa aka fara yi wa juna kallon mamaki, kowa na ganin tarbiyyar ɗan'uwansa da sauran gyara.

Malamar ta kyauta. Ba ta kashe maganar ba, ta ce mu je mu karanto inda Ainsworth ta fara aikinta. Ashe a Uganda ne, a tsakiyar shekarun 1950, tana shiga gidajen mutanen ƙabilar Baganda a kusa da Kampala tana zama da iyaye mata, kafin ta koma Baltimore ta tsara gwajin ɗakin. Ƙawar tawa ta ce wannan ya sanyaya mata rai, don ta gane tun asali an ga jarirai masu masu-reno da yawa kuma suna shaƙuwa lafiya lau. Abin da ya rage mana muhawara shi ne ko gwajin minti ashirin a baƙon ɗaki yana auna abu ɗaya ga yaron da ya saba a bar shi da wanda bai taɓa rabuwa da jikin mutum ba.

Mai karatu da dare

Wallahi irin haka ta faru da mu a darasin samartaka, da aka ce alamar girma ita ce matashi ya ware daga iyayensa. Wasu suka ce a wurinsu alamar girma ita ce ka fara ɗaukar nauyin iyayen.

Tsohuwar ɗaliba

Ƙannena, bari in kawo muku abin da ke jiran ku a waje. A shekarar ƙarshe aka tura ni sanin makamar aiki a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibiti da ke karɓar mutane daga al'ummomi da yawa. Aikina zama ne a gefe ina saurare ina rubutu. Ku sani tun yanzu, digirin farko ba ya ba mutum ikon duba marar lafiya ko yi masa magani, sai ya ƙara karatu ya sami lasisi.

Na shiga da jerin alamomin ciwon damuwa a kaina, ina jiran in ji wani ya ce yana baƙin ciki ko ya yanke ƙauna. Kaɗan ne suka faɗi haka. Abin da na fi ji shi ne kaina na zafi, ƙirjina ya yi nauyi, jikina ya mutu, ba na barci. Sai da ƙwararriyar da nake ƙarƙashinta ta bi su a hankali sannan labarin rashi ko bashi ko rikicin gida yake fitowa. Ita ta tura ni ga aikin Arthur Kleinman, wanda a 1980 ya duba marasa lafiya 100 a lardin Hunan na ƙasar Sin da aka ce raunin jijiyoyi ke damunsu, ya tarar 87 daga cikinsu sun cika sharuɗɗan ciwon damuwa. Mutum yana kawo ƙorafinsa ta ƙofar da al'ummarsa ta yarda a shigo da shi ba tare da an yi masa kallon mai taɓin hankali ba.

Sai batun sirri. A aji an koya mana cewa zama tsakanin mai ba da shawara da mai neman taimako ne su biyu. A asibiti mutum zai shigo da mahaifiyarsa da yayansa, idan ka ce su fita shi ma ya kama bakinsa. Wata kuma ba za ta iya magana ba sai an fitar da dangin, don su ne tushen damuwar. Babu ƙa'ida ɗaya da za ta raba maka wannan, dole ka tambayi mai abin, shi kaɗai, wa yake so ya zauna. Haka kallon ido. Littafi ya lissafa kauce wa haɗa ido cikin abubuwan lura, alhali ga wasu sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne.

Abin da ya taimake ni shi ne tambayoyi 16 da aka saka a kundin DSM-5 na 2013, wato littafin da likitoci ke dubawa wajen gano cututtukan ƙwaƙwalwa, domin fahimtar al'adar marar lafiya. Suna sa ka tambaye shi me yake ganin ya jawo masa matsalar, me danginsa ke cewa, ina da ina ya nemi taimako kafin ya zo. Kuma ku karanta tarihin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya. Tun 1954 a Aro, kusa da Abeokuta, ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da wani nasu, yana aiki da masu maganin gargajiya ba tare da ya bar ilimin likitanci ba. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Na yi baƙin ciki da sai bayan na kusa gamawa na ji sunansa a bakin malami.

Ɗaya tilo a aji

Anti, na amfana da bayaninki ƙwarai. Amma ina so in faɗi ɗaya gefen, don ya ci mini rai. Ni kaɗai ce daga al'ummata a ajinmu. Duk sanda aka zo maganar al'ada sai kowa ya juyo gare ni: ku a wurinku yaya kuke yi? Kamar ni ce wakiliyar miliyoyin mutane. Bayan mun karanta aikin Markus da Kitayama na 1991 a kan masu ɗaukar kansu a matsayin mutum mai zaman kansa da masu ɗaukar kansu a matsayin ɓangaren jama'a, sai abokan karatuna suka jefa ni a rukuni na biyu suka rufe. Idan na yi shiru a ce al'adarmu ce, idan na yi musu a ce na koyi halin wasu. Babu wanda ya yi tunanin ko halina ne kawai.

Shi ya sa nake riƙe da binciken van IJzendoorn da Kroonenberg na 1988. Sun tattara gwaje-gwajen shaƙuwar nan daga ƙasashe takwas, suka tarar bambancin da ke cikin ƙasa ɗaya ya fi wanda ke tsakanin ƙasa da ƙasa, wajen ninki ɗaya da rabi. Ƙanwata mai tambaya, ki yi hattara kuma da masu fakewa da al'ada don kada su yi karatu. Akwai wanda duk abin da bai yi masa daɗi ba sai ya ce wannan na Turawa ne. Cutar rabuwar hankali da ciwon damuwa ba su tambayar harshen mutum kafin su kama shi, kuma wanda ya ƙi koyon alamominsu marasa lafiya zai cutar.

Ɗan aji uku

Gaskiya kika faɗa 'yar'uwa. A ajinmu ma sai da wani malami ya hana a riƙa nuna mutum ɗaya ana cewa ya yi magana da yawun mutanensu. Ya kuma daina barinmu mu zaɓi abokan aikin rukuni, don kowa na komawa wurin masu harshensa. Ya yi amfani da tsarin da Elliot Aronson ya fara a makarantun birnin Austin na Amurka a 1971: kowane ɗalibi a ba shi yanki ɗaya na darasin, ba mai iya cin jarrabawa sai ya saurari sauran. Wannan ya dace da sharuɗɗan da Gordon Allport ya kawo a 1954, cewa cuɗanya tana rage ƙyama idan akwai daidaiton matsayi, da manufa ɗaya, da haɗin kai, da goyon bayan shugabanni. Makonnin farko an sha saɓani a kan lokaci da wanda zai yi jagoranci. Yanzu babban abokin karatuna mutum ne da ba mu haɗa harshe ko addini ba.

Malamin yara

Ni damuwata da na shigo ita ce imanina. An gargaɗe ni cewa wannan fanni yana raba mutum da addininsa. Da muka zo kan Sigmund Freud, ɗaya daga cikin fitattun magabatan fannin, wanda ya ɗauki addini a matsayin ruɗin da mutum ke kwantar wa kansa hankali da shi, ajin ya yi tsit, Musulmi da Kirista da sauransu duk jikinmu ya yi sanyi. Malamin ya ce aikinmu shi ne mu fahimci abin da mutumin ya faɗa, mu iya bayyana shi daidai, mu kuma tambayi hujjarsa, ba a ce mu yi imani da shi ba. Da muka bi ta wannan hanya sai muka ga yawancin ra'ayoyinsa daga 'yan marasa lafiyar da ya gani a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya gina su, kuma da wuya a gwada su. Na fita da imanina yadda na shiga, na ƙaru da iya sauraron wanda ba mu yarda da abu ɗaya ba har ya kai aya.

Sabuwar ɗaliba

Allah ya saka muku da alheri, na ji sanyi. Tambaya ta ƙarshe: ina so in yi binciken kammalawa a kan mutanen da ba su jin harshen da muke karatu da shi. Zai yiwu ga mai digirin farko?

Mai rubuta furojet

Zai yiwu ƙanwata, shi nake yi yanzu, sai dai ki fara da wuri. Takardar tambayoyin da za ki ɗauko a wani harshe aka tsara ta, don haka za a buƙaci wani ya fassara ta, wani daban da bai ga ta asali ba ya mayar da ita harshen farko, sannan a kwatanta. Richard Brislin ne ya yi bayanin wannan hanya a 1970. Bayan haka ki gwada ta a kan mutane kaɗan, ki tambaye su me suka fahimta da kowace tambaya. A nawa gwajin na tarar dattawa da yawa ba su son zaɓar lamba daga 1 zuwa 5, sun fi son su ba ni labari, sai na ƙara hira a tsarin. Wasu kuma sa hannu a takardar amincewa ke tsorata su, don haka na koma wurin kwamitin ɗa'ar bincike na nemi izinin karɓar amincewa da baki.

Ki karanta abin da ya faru da Joseph Glick a cikin mutanen Kpelle na Laberiya. Ya ba su kaya su rarraba, yana jiran su ware kayan aiki gefe, abin ci gefe. Su kuwa suka haɗa wuƙa da lemo, don da ita ake yanka shi, suka ce haka mai hankali zai yi. Da ya tambaye su yaya wawa zai yi, sai suka rarraba daidai yadda yake nema tun farko. Ki nemi mai duba aikin da ya taɓa bincike a wajen harabar jami'a, ki kuma same shi tun kina aji uku, don irinsu da wuri ɗalibai ke cika musu hannu.