Manhajata ta ƙi amincewa da takardar shaidar sabar

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum. Na haɗa wa wata ƙungiyar manoman shinkafa a nan Argungu manhajar Android. Sabar na da takardar shaida ta tsaro (SSL) daga Let's Encrypt, burauza na buɗewa lafiya lau. Amma manhajar, da na sa mata lambar IP ta sabar kai tsaye maimakon sunan shafin, sai ta ce suna bai dace ba. Wani ya ce in kashe tantancewar in huta. Ya kuka gani?

Malamin Gusau:
Wa alaikumus salam. Kul, ƙanena! In ka kashe, duk wanda ke Wi-Fi ɗaya da manomi zai iya shiga tsakani ya karance komai, har kalmar sirri. Sunan shafinka ne ke cikin SAN na takardar, wato jerin sunayen da take shaida, lambar IP ba ta ciki. Sa sunan a manhajar.

'Yar Birnin Kebbi:
Duba nginx, manhajar sabar, kuma: fayil ɗin fullchain.pem mai cikakken jerin takardun ake sawa, ba cert.pem ba. Kwana 90 takardar ke yi, bar certbot, manhajar da ke karɓo ta, ya riƙa sabuntawa.

Malamin Gusau:
Af, tsofaffin wayoyi fa. Na ƙasa da Android 7.1.1 ba su san ISRG Root X1, tushen takardun Let's Encrypt, ba, sai ka cusa shi cikin manhajar.