Wai dole sai yarinya ta rame kafin ta yi tallan kaya?

Maman Hanifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ni tela ce, shekarata 11 ina ɗinkin mata a nan Zariya. Za a yi wani nunin kayan ƙawa bayan Sallah, an ba ni damar fito da ɗinki shida. Har na sayo shadda da leshi, sai mai shirya taron ta turo mini awo guda ɗaya, ƙugu inci 24, ta ce duka a kansa zan yanka, wai haka ake yi a Paris.

'Yar yayata, mai shekara 19, ta ƙwallafa rai sai ta shiga. Na sa mata tef, ƙugunta 29. Tun daga ranar ta yi sallama da tuwo. Da safe ruwan zafi da lemun tsami, da rana kokwamba. Shekaranjiya tana taya ni guga jiri ya ɗebe ta, da ba ta dafa keken ɗinki ba da ta kai ƙasa. Ni na auna ta da hannuna, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Don Allah, da gaske ne haka dokar sana'ar take?

Anti Nas, Samaru:
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, ki fara raba ta da wannan horon yunwar tun yau, in jirin ya sake dawowa a kai ta asibiti. Aikin jinya nake yi, kuma ƙin cin abinci cuta ce mai kisa, zuciya take taɓawa.

Su Turawan ma sai da suka ga gawa suka farga. A watan Agustan 2006 Luisel Ramos, 'yar ƙasar Uruguay mai shekara 22, ta faɗi a wurin nunin kaya, ba ta tashi ba. A Nuwamban shekarar Ana Carolina Reston ta Brazil ta rasu tana da shekara 21. A wannan shekarar ce masu nunin birnin Madrid suka hana duk wadda ma'aunin BMI ɗinta, wato lissafin nauyin jiki daidai da tsawo, bai kai 18 ba hawa dandamali. Wato mace mai tsawon mita 1.75 sai ta kai kimanin kilo 55. Paris ɗin da ake kafa miki hujja da ita kuwa, Faransa ta yi doka a 2015, ta fara aiki a 2017: sai da takardar likita za a ɗauki mai tallan kaya, hoton talla da aka rage wa jiki da kwamfuta kuma dole a rubuta cewa an taɓa shi. A 2017 ɗin kamfanonin LVMH da Kering, masu Dior da Gucci, suka ce sun daina ɗaukar mata masu saka lamba 32 ta awon Faransa, wato lambar kayan sirara sosai, ba inci ba.

Baba Tela, Sabon Gari:
'Yata, bari in gaya miki inda gizo ke saƙar. Manyan gidajen ɗinkin can riga ɗaya suke yi ta gwaji, sannan a nemo wadda za ta shige ta. Ya fi musu arha, kuma jikin da ba ƙirji ba ƙugu ba ya ba tela wahala, yadi zuba kawai yake yi kamar an rataye. Mu ba haka muka koya ba. Mutum ake aunawa sannan a sa almakashi. Na yi shekara 40 a kan keke ban taɓa ce wa kowa je ka rage tumbi ka dawo ba. Gwanintar tana wurin zaunar da riga a kafaɗar mace mai jiki ba tare da ta tattare a hammata ba. Su wa ke sayen ɗinkinki? Ba matan aure da iyayen biki ba ne?

Ummi 'yar Kongo:
Baba ya yi gaskiya, amma a tuna da mu sirara. Haka Allah ya yi ni, ina ci ba na ƙiba, kuma a Zariyar nan ni ake yi wa gori. Bikin yayata har wata gwaggo ta kawo mata sha-ka-fashe wai kada dangin miji su ce ba a ba ta abinci. Fuskarta ta kumbura, kwana biyu ba ta gane kanta a madubi. Shi ya sa ban yarda a kori mace daga dandamali don sikeli kawai ba. Likita ya duba lafiyarta, ya fi.

Maman Hanifa, Tudun Wada:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Na kira mai taron na gaya mata cewa masu saka kayan su shida zan kawo da kaina, kowacce da awonta, har da wata kwastomata mai 'ya'ya huɗu. Ta ce za ta yi shawara. In ta ƙi, na haƙura da nunin. Yarinyar kuma na zaunar da ita jiya da daddare na karanta mata abin da Anti Nas ta rubuta. Ta yi kuka, ta ci ɗanwake rabin kwano. Gobe zan yanka mata doguwar riga a kan 29 ɗinta.