Zaɓen ƙarfen rataye talabijin a bango

Abin da masana suka fi nanatawa shi ne a fara duba bayan talabijin. Akwai ramuka huɗu, a auna tazararsu da milimita, misali 200x200 ko 400x400. Wannan shi ne ma'aunin VESA, kuma dole ƙarfen ya dace da shi.

Sai nauyi. A sayi wanda ke ɗaukar fiye da nauyin talabijin ɗin, musamman mai hannu da ake jawowa, domin idan ya miƙe yana fizgar sukurorin sama. A bulo mai rami, ƙaramin fulogin roba, wato robar da ake cusawa a ramin bango don ta riƙe sukuru, yakan zare a hankali. A bangon jifsam kuwa, wato na allunan filasta da ake kafawa a kan katako, sai an nemo katakon ciki an ɗaure a kai.

Sukurun bayan talabijin kada ya yi tsawo, yana iya lalata kayan ciki. Tsakiyar allon ta daidaita da idon mai zaune.