Neman shawara: wa zai riƙe mana yaron nan idan ba ma raye?

Wata uwa, Aboabo

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana, daga nan Aboabo ta Kumasi, ƙasar Ghana. Ɗanmu na uku shekararsa 16, an haife shi da lalurar da likitoci ke kira CP, wato taɓuwar ƙwaƙwalwa da ke hana sarrafa gaɓoɓi. Ba ya tafiya, ba ya iya ci da kansa, maganarsa kaɗan ce, ga kuma farfaɗiya. Mahaifinsa ya kusa sittin, direba ne mai biyan SSNIT, wato asusun fansho na ƙasa, ni kuma ƙaramin ciniki nake yi. Ƙungiyar da ke taimaka mana da kunzugu da kuɗin gashin ƙashi ta ce kuɗinta ya yanke tun da Amurka ta janye tallafi, muna kuma ji a rediyo har Ingila ana rage kuɗin masu nakasa. Abin da muka mallaka gida ne mai ɗaki shida, muna cikin biyu, huɗu na haya. Yana da yayye biyu, mace da namiji, da ƙanwa ɗaya. Don Allah me za mu yi tun yanzu, kada yaron nan ya wulaƙanta bayanmu?

Hajiya, Asawase

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ki ladan jinya. In tallafin gwamnati kike tunani, a takarda ba a rage kuɗin LEAP ba, wato tallafin da ake ba gidajen matalauta, ninka shi ma aka yi a 2023, aka sake ninkawa a 2024 ya kai sidi 256 ga gida mai mutum ɗaya, 424 ga mai huɗu ko fiye, duk bayan wata biyu. Ki auna wannan da kuɗin kunzugun wata guda, za ki ga iyakarsa. Kuma LEAP na gidajen da ke cikin tsananin talauci ne, ana zuwa a duba gida a yi tambayoyi, mai ɗakunan haya huɗu da wuya ya tsallake. Kada ki ɗora lissafinki a kansa.

Inda kike da haƙƙi sosai shi ne kason masu nakasa na Common Fund, wato kuɗin da gwamnati ke raba wa asambiloli, kason da a baya aka ɗaga daga kashi 2 zuwa kashi 3 cikin 100. Aboabo tana ƙarƙashin Asambilin Asokore Mampong, can za ki je ofishin Social Welfare. Ki fara tabbatar da sunansa na cikin rajistar masu nakasa. Sai ki rubuta takardar roƙo, ki haɗa da hoton yaron na tsaye gaba ɗaya yadda za a ga lalurar, kwafin Ghana Card ɗinki, rahoton likita, da takardar farashin abin da kike nema. Ki ambaci abu ɗaya takamaimai: keken guragu, kujerar zama ta masu CP, ko firiza da za ki ƙara ciniki da ita. Takardar da ta ce "a taimaka mana" kawai ita ake turewa gefe. Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimi a ɗaya ki riƙe. Kuɗin nan kashi-kashi yake zuwa daga Accra kuma yakan makara da watanni, saboda haka ki riƙa leƙawa. Ki kuma sa shi cikin ƙungiyar masu nakasa ta yankinku, domin wakilansu na zama a kwamitin da ke raba kuɗin.

Sai NHIS, inshorar lafiya ta ƙasa. Yanzu yana cin arziƙin 'yan ƙasa da shekara 18. Ranar da ya cika 18 wannan rangwamen ya ƙare, sai Social Welfare sun shaida cewa ba ya iya neman na kansa kafin a yafe masa kuɗin. Ki fara wannan wata shida kafin lokacin. Ki sani kuma NHIS ba ta biyan keke, takalmin ƙarfe ko na'urar ji.

Lauya, Adum

Hajiya ta gama da gwamnati, ni gidan nan zan taɓa, don nan ne rigima ke tashi.

Mama, idan maigida ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, kotun Ghana ba da rabon Musulunci za ta yi aiki ba. Dokar gado ta 1985, PNDC Law 111, ita ke hawa kan kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. A dokar nan idan gida ɗaya mamaci ya bari, na mata da 'ya'ya ne a haɗe, ba wanda ke da ɗakin da zai nuna ya ce nasa ne. To yaron da ba ya iya zuwa taron dangi ya yi magana, ranar da sauran suka ce a sayar a raba, wa zai tsaya masa? A ba shi kasonsa a hannun wani, shekara biyu kuɗi ya ƙare, ba ɗaki ba haya.

Akwai wani tarko kuma. Dokar wasiyya ta 1971 ta ba kotu ikon cire wa ɗa abin rayuwa daga dukiyar uba idan wasiyya ta manta da shi, amma ɗan da bai kai 18 ba take nufi. Shekara biyu suka rage wa ɗanku a wannan inuwar.

Saboda haka maigida ya rubuta wasiyya, ke ma ki rubuta taki. Sharuɗɗan ba su da yawa amma ba a wasa da su: a rubuce, ya sa hannu gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Kada wanda zai ci gado ya zama shaida. Idan mai wasiyyar ba ya karanta Turanci, dole wanda ya karanta masa ya fassara ya rubuta a jikin takardar cewa ya yi hakan kuma ya gane, rashin wannan layin na iya jawo a ƙalubalanci wasiyyar a kotu. A rufe a ambulan a kai ajiya rajistar Babbar Kotu. A ciki a naɗa amintattu biyu da za su riƙe kason yaron, a faɗi ƙarara cewa ba za a sayar ba muddin yana raye. Idan kuɗin lauya ya yi nauyi, ku je ofishin Legal Aid na Kumasi.

Abu na ƙarshe: CP ba kullum take taɓa hankali ba. Akwai wanda bakinsa ne ya yi nauyi amma yana gane komai. In haka ɗanku yake, da ya kai 18 baligi ne mai ikon kansa, a tambaye shi wanda yake so ya zauna da shi. In kuwa likita ya tabbatar ba zai iya tafiyar da al'amuransa ba, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ba da damar kotu ta naɗa masa waliyyi.

Malam, Sabon Zango

Lauya, Allah ya saka da alheri, amma akwai gyara ta fuskar addini. Annabi (SAW) ya ce babu wasiyya ga magaji. Yaron nan magaji ne, saboda haka idan uba ya rubuta "ɗaki biyu na wane ne bayan raina", wannan ba ya zartuwa a shari'a sai sauran magada sun yarda. Kotu za ta iya zartarwa, amma 'yan uwa su riƙa ganin an ci haƙƙinsu, kuma su ne dai za ku bar wa yaron.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce kyauta tun uban na da rai da lafiya, ko hubusi, wato a tsayar da ɗakunan ba sayarwa ba gado, amfaninsu na tafiya ga yaron tsawon ransa, a kuma faɗi inda za su koma bayansa. Ni hubusin na fi so a irin wannan hali, domin ya rufe ƙofar sayarwa.

Ku kiyaye abu uku. Kyauta a mazhabar Malikiyya ba ta cika sai an karɓa. Uba na iya karɓa a madadin ɗansa ƙarami ko wanda ba ya iya riƙe dukiya, in ya kafa shaidu, amma ban da ɗakin da shi uban ke kwana a ciki, kuma ban da tsabar kuɗin da ya ci gaba da riƙewa a aljihunsa. Don haka ɗakunan haya za a bayar, kuma daga ranar kuɗin hayarsu ya daina shiga cefanen gida, ya koma asusun yaron. Na biyu, kada a jira ciwon ajali. Kyautar da aka yi a kan gadon mutuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Na uku, adalci tsakanin 'ya'ya. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya hana fifita wani ɗa da kyauta, amma malamai irin su Ibnu Ƙudama sun halatta idan dalilin buƙata ce kamar makanta ko ciwon da ba ya warkewa. Ku tara yayyensa da ƙanwarsa da baffanninsa gaban limamin unguwa, a yi bayani, kowa ya sa hannu. Abin da aka yi a ɓoye shi ke haifar da gaba.

Wasiyyar da Lauya ya ce kuwa a rubuta ta: a naɗa wasiyyin da zai kula da yaron, a kuma ce sauran dukiya a raba bisa shari'a. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta ce a ciyar da irinsu daga dukiyar, a tufatar da su, a gaya musu magana mai daɗi. Wanda za ku zaɓa ya zama mai iya ukun duka.

Lauya, Adum

Na yarda da Malam, hanyarsa ta fi ƙarfi ma a kotu in an yi takarda. Shaidar baka a zauren liman ba ta isa ba. Lauya ya rubuta takardar kyautar ko ta amanar, a nuna ɗakunan a jikin zanen fili, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista a Lands Commission. Yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, haya ce ta shekaru, saboda haka a duba shekara nawa suka rage, a biya bashin kuɗin ƙasa, a nemi amincewar masu filin in takardar ta shar'anta haka. In kuma a cikin aurenku aka samu gidan, dokar filaye ta 2020 na buƙatar sa hannunki, Mama.

Alhaji, Alabar

Shawarata guda: mai riƙe yaro daban, mai riƙe kuɗi daban. Ba zargi ba ne, kariya ce ga shi mai riƙon, kada gobe a ce ya ci. A buɗe asusu a banki mai lasisin Bank of Ghana da sa hannun mutum biyu, ɗaya daga dangin uwa ɗaya daga na uba. Kada a tara a MoMo, wato asusun waya, na layin maigida, ranar da ya faɗi sai an yi ta yawon takardun kotu kafin a taɓa sisi. Kada kuma riba mai yawa ta ruɗe ku, mun ga yadda aka soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya 347 a 2019. Abin da ya taru a sayi takardun baitulmali na kwana 91, a riƙa juyawa.

Hayar ɗakunan yaron kada a karɓi ta shekara biyu a dunƙule kamar yadda muka saba. Kuɗin dunƙule biki ko rasuwa ɗaya ke cinye shi, a bar yaro wata ashirin ba kunzugu. Doka ma hayar wata shida kawai ta yarda a karɓa a dunƙule. A ware kaso don gyaran rufi da bayan gida, a kuma yanka wa mai jinya albashi ko da 'yar uwarsa ce.

Maigida ya je SSNIT ya duba sunayen da ya rubuta. Da yawa tun suna samari suka sa iyayensu, ba su sake komawa ba. Kuɗin magada a dunƙule ake biyansa sau ɗaya, ba fansho ne na wata-wata ba, saboda haka a rubuta tun yanzu cewa kason yaron asusun nan zai shiga.

Nas, Tafo

Duk wannan tsarin kuɗi ne. Abin da ke kashe irin yaran nan bayan uwa shi ne ba wanda ya san jikinsu sai ita. Mama, ki sayi littafi ki rubuta komai: sunan kowane magani yadda yake a kwali, yawansa, ƙarfe nawa, lambar katinsa ta asibitin Komfo Anokye, ranar komawa, kaurin kokon da yake iya haɗiya, alamar da yake yi in yana jin ciwo ko fitsari.

Mutum uku aƙalla su koya a hannunki, su yi da kansu kina kallo. Ciyarwa a zaune, kai ya ɗan sunkuyo gaba, ƙaramin cokali, a bar shi zaune minti 30 bayan ci. Ɗura a kwance ita ke kai abinci huhu, daga nan sai ciwon huhu. In yana kwance a juya shi duk awa biyu, a duba ƙugu, gindin baya da dundunniya, jan da bai baje ba mafarin gyambo ne. Maganin farfaɗiya ba a yanke shi rana ɗaya don kuɗi ya ƙare ko don an fara na gargajiya, a riƙa ajiye na sati biyu gaba. In farfaɗiyar ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa cokali a bakinsa, in ta wuce minti biyar a tafi asibiti.

Ku daina sa rai akwai gidan gwamnati da zai karɓe shi har abada. Garden City Special School da ke Asokore Mampong makaranta ce, Edwenase da Jachie wuraren koyon sana'a ne, ana gamawa a dawo gida. Ki je Garden City a gwada shi duk da haka. Ki kuma rubuta a littafin da babban baƙi cewa ba ki yarda a kai shi inda ake ɗaure marasa lafiya da mari ba.

Wata uwa, Aboabo

Allah ya saka muku da Aljanna. Yayarsa ta ce ita za ta ɗauke shi, kuma an sa ranarta bayan babbar Sallah. In bar maganar a haka?

Hajiya, Asawase

A'a ƙanwata. Allah ya yi mata albarka, amma alkawarin budurwa ba ya ɗaure mijin da bai ji ba. Waliyyanta su faɗa wa dangin ango tun kafin ɗaurin aure, a ji bakinsu. Sannan ɗakin haya ɗaya da miji da goyo ba ya ɗaukar saurayin da sai an ɗaga shi. Ya fi sauƙi yaron ya zauna a gidan da ya sani, mai riƙo ya zo ya same shi: ɗaki ɗaya nasa, na kusa da shi na duk wanda ke jinya, kyauta ba haya. Yayansa namiji ya ɗauki wanka da ɗagawa da kai shi asibiti, don shekara kaɗan nan gaba mace ɗaya ba za ta iya ba, bayanta zai tafi. A rubuta sunan na biyu da zai karɓa in ta haihu ko aka yi wa mijinta canjin gari. Kuma tun maigida na da ƙarfi a faɗaɗa ƙofar ɗakin da ta bayan gida zuwa santimita 90, a fasa dakalin bakin ƙofa a zuba gangara, kowane santimita 10 na tsayi a ba shi 120 na tsawo, in ba haka ba keken ba zai hau ba sai da mutum biyu.